Ranar Da Aka Zura Min Kamara A Ciki

Don Allah kada wanda ya ce min in kwantar da hankalina. Na ji wannan kalmar har ta ishe ni. Ku dai ku saurare ni zuwa ƙarshe, mai zagi ya zage ni, mai addu'a ya yi min.

Turare nake sayarwa, a wani ɗan shago da ke cikin babban kanti. Madubi ta kowane ɓangare, kwalabe jere har sama, ga fitilun nan farare masu tona asirin kowane ƙurji. A nan muka haɗu da shi, ranar da aka kira shi ya gyara mana wutar sola. Ya sauko daga kan tsani yana share gumi, ya ce in zaɓa masa turaren da zai sa a daina yi masa kallon lebura. Na miƙa masa mafi tsada don ya kama gabansa, sai ya saya. Washegari ya dawo wai murfin ba ya rufuwa. Murfi lafiyarsa ƙalau. Har yau a wayata Mai Sola na sa masa, shi kuma Madam yake ce min. Magana ta je gaban manya, an tsayar da aurenmu ƙarshen shekara.

Wata kwastoma ce ta fara lura. Ina fesa mata turare a bayan hannu, ta ɗago ta tsura min ido.

"Baiwar Allah, idonki haka yake?"

Na juya ga madubi. Farin idona ya koma rawaya, kamar tsohuwar takarda. Da ma na kwana biyu ina susa, ƙaiƙayin da ba ka ganin ƙurjinsa, fitsarina ya yi duhu kamar shayi, siket ɗina na aiki kuma sai da na kama shi da fil. Ni duk a zatona zumuɗin aure ne ya hana ni cin abinci.

A gida Mama ta ce shawara ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Aka yi gwajin jini, aka tura mu hoton ciki, daga hoton aka tura mu hawa na sama wajen likitar ciki. Ni da Mama muka je, sai Gwaggo, yayar Baba, wadda ba a yanke komai a gidanmu sai da ita. Ko labule za a canza sai ta zo ta ce kalar ba ta yi ba.

Likitar mace ce, siririya, gilashinta rataye a wuya. Ta juyo da allon kwamfuta wajenmu ta nuna wani abu da bakin biro.

"Kun ga wannan? Wata tsoka ce da ke kwance a bayan tumbi, fankiriyas muke ce mata. Ita ke fitar da ruwan narkar da abinci, ita ke daidaita suga. Kanta ya kumbura, ya danne hanyar ruwan maɗaciya. Shi ya sa idon ya canza."

"To a ba ta magani mana," in ji Gwaggo.

"Sai mun san abin da ya kumbura ta, Hajiya. Abu biyu nake zargi." Ta dube ni, ba ta kau da kai ba. "Na farko ciwon daji ne."

Na ji Mama ta damƙe gwiwata.

"Na biyun kuma, wani lokaci garkuwar jikin mutum kan rikice, ta faɗa wa wannan tsokar da yaƙi kamar baƙuwa ce. Wannan yana jin magani sosai, ƙwayoyi ne kawai. Matsalar ita ce a hoto kamanninsu ɗaya, kamar tagwaye."

"Jinin da aka ɗiba fa?" Muryata ce, amma kamar daga wani ɗaki take fitowa.

"Bai nuna komai ba. Sai dai irin wanda ke kama masu shekarunki sau da yawa ba ya fitowa a jini. Kin taɓa yin gudawa da jini?"

Ku taya ni jin kunya, a gaban Gwaggo. Na sunkuyar da kai na ce bara na yi, ta tafi ta dawo, ban faɗa wa kowa ba. Likitar ta rubuta, ta ce wannan ya ɗan ƙara mata fata, don cututtukan biyu kan zo tare, amma fata ba hujja ba ce. Dole a shiga a gani. Za a zura min wani siririn tiyo ta baki, kaurin yatsa, da kamara a bakinsa da na'urar hoto. In ya isa tumbi zai hango tsokar ta bayan bango, a soka allura a gutsuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Endoskofi, in ji ta.

Tun a mota Gwaggo ta yanke hukunci.

"Wannan magana a nan ta tsaya. Shawara ce, kun ji ko? Shawara."

"Gwaggo, shi fa ya kamata ya sani."

"Shi wa? Ke yarinya ce. Yaron da uwarsa ta mutu da wannan ciwon a hannunsa? Yana jin kalmar nan ko takalminsa ba zai tsaya ɗauka ba."

Abin da ya fi min ciwo, ba ƙarya ta yi ba. Ya taɓa ba ni labarin, muna zaune a motarsa a ƙofar kanti. Shi ya yi jinyar mahaifiyarsa, shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta, har ta koma ba ta fi yarinya nauyi ba. Ya ce tun daga lokacin ko warin asibiti ba ya iya jurewa. Yayarsa ce ta riƙe gidan bayan rasuwar, ita ce uwarsa yanzu.

Na kalli Mama ko za ta sa baki. Tana kallon taga, tana murza bakin mayafinta.

"Ki bi maganar Gwaggonki," ta ce a hankali. "Har mu ga sakamako."

Na daina zuwa shago. Na ce masa likita ya hana ni ganin baƙi, wai ana ɗauka. Ƙarya ta farko ke nan, sauran suka biyo ta da kansu.

*Madam, yau ma ba zan gan ki ba?*

*Sai na warke. Na yi muni.*

*Turo hoto in yanke hukunci da kaina.*

Na sa doguwar rigata mai ruwan toka, na yafa baƙin mayafi, na tsaya nesa da taga, na mai da hoton baƙi da fari.

*Wannan ai hoton jarida ne. Kin rame fa.*

*Gyaran jiki nake.*

*Wa ya ce miki ina son gyara? A bar min kayana yadda na gani.*

Na tura masa fuskar dariya, na kifa wayar a kan filo na yi kuka har sai da haƙarƙarina ya yi ciwo.

Ranar da za a zura min kamarar, ba ci ba sha tun da daddare. Da safe na fito falo na tarar da Baba zaune a kujerarsa, rediyo a cinya amma a kashe, shayinsa ya huce ba a taɓa ba. Baba ba mai magana ba ne. Tsohon malamin lissafi ne, ko a gida kalmominsa a ƙirge suke. Ya dube ni ya ce, "Ni ma ban karya ba. Sai kin dawo." Da ƙyar na kai ƙofa ban fashe da kuka ba.

A asibiti, ɗakin yana can ƙarshen wani dogon baranda mai koren fenti. Aka karɓi ɗankunnena da zoben da ya ba ni, Mama ta ƙulle su a gefen mayafi. Aka ba ni wata shuɗiyar riga mai igiya a baya, wadda ba ta san mutuncin kowa ba. Nas ɗin wata mai jiki ce, mai fara'a, tana tauna cingam.

"Amarya ce, ko? Na ga alamar zobe. Buɗe baki, Amarya. Wannan feshin ɗaci gare shi kamar bashi, amma zai kashe maƙogwaron."

Ta fesa. Harshena ya yi nauyi, na ji kamar na haɗiyi auduga. Ta sa na kwanta ta gefen hagu, ta maƙala min wani abu a yatsa da ya fara ƙara, ɗit, ɗit, ta cusa min wata roba mai rami tsakanin haƙora. A nan na hango tiyon, rataye a jikin na'ura. Baƙi, dogo, yana sheƙi, ga ɗan haske a bakinsa. Kaurin yatsa aka ce min, amma ban san yatsan wa aka auna ba.

Likitar ta sunkuyo. "Za ki ji barci yanzu. Yawu in ya zo ki bar shi ya zuba, kada ki ji kunya."

Sanyin allura ya bi hannuna. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne. Wani abu yana tura maƙogwarona, hannun nas a kan goshina, cikina yana cika da iska. Na buɗe ido sau ɗaya na ga allo, wani rami ja mai laushi yana motsi yana sheƙi. Na ce a raina, ashe haka cikina yake, duk turaren da nake fesawa. Na ji likitar tana cewa a miƙo allura. Daga nan ban san komai ba.

Na farka a wani gado, maƙogwaro kamar na haɗiyi yashi, Mama tana goge min baki da hankici.

"An gani?" Abin da na fara tambaya ke nan.

"Sun ce sai naman ya dawo daga gwaji."

Kwanakin jiran nan ba zan iya ba ku labarinsu ba, don babu abin da ya faru a cikinsu. Ina kwance a ɗaki ina kallon fanka. Akwatunan da Mama ta fara tara min suna jingine a bango, an rufe su da tsohon zanin gado. Tela ta kira a zo gwajin riga, Mama ta ce mata mun yi tafiya. Na shiga waya na karanta abin da bai kamata in karanta ba game da dajin wannan tsokar, na ga yadda ake ƙirga wa masu shi watanni. Shi kuwa kullum sai ya turo hoton gidan da ya kama mana.

*Kicin ɗin fari ko ruwan madara?*

*Duk wanda ka zaɓa.*

*Madam ce da "duk wanda ka zaɓa"? Lallai ciwon nan ya yi tsanani.*

Da muka koma, tun daga yadda likitar ta cire gilashi ta ajiye na san babu abin murna.

"A naman da muka samu ba mu ga daji ba."

"Alhamdulillahi!" Gwaggo ta ɗaga hannu sama.

"Ki tsaya, Hajiya. Naman ya yi kaɗan. Akwai alamun kumburi a ciki, amma bai isa in ce cutar garkuwar jiki ce ba, bai kuma isa in rantse babu daji a gefen da allurar ba ta taɓa ba."

"Wato duk wahalar nan a banza?" na ce.

"Ba a banza ba. Da mun ga daji, da yau maganar tiyata muke. Tunda ba mu gani ba, zan iya gwada ki da maganin. Mako biyu za ki sha, mu sake hoto. In kumburin ya sauka, garkuwar jiki ce. In bai sauka ba…" Ta dube ni. "Ba za mu ƙara jira ba. Aiki ne babba, za a cire kan tsokar da wani sashe na hanji."

Ta yi bayanin cewa maganin zai iya kumbura min fuska, ya hana ni barci, ya ɗaga suga. Ina jin ta sama-sama. An shiga har cikin cikina da fitila, an duba, an fito, kuma har yanzu ba wanda zai iya gaya min ko zan ga ƙarshen shekara.

Da yammar ranar ina kwance, sai ga saƙonsa.

*Ina ƙofar gida. Yau ko me ake ɗauka sai na ɗauka. Fito ki ji albishir.*

Na leƙa falo, Mama tana kicin, Gwaggo ta fita tun bayan azahar ba ta ce ga inda za ta ba. Na zura hijabi har ƙasa, na ja shi ya rufe min goshi, na fita.

Yana jingine da mota cikin rigar aikinsa mai ruwan ƙasa, da ɗigon fenti a hannu, yana murmushi har kunne.

"Ashe haka kike sona ban sani ba?"

"Me ya faru?"

"Gwaggo ta je wajen Yaya ɗazu. Ta ce kun ga babu amfanin jan lokaci, a matso da auren zuwa nan da mako biyu, ko walima ba sai an yi ba. Ta ce ke kika matsa." Ya yi dariya. "Ni ko gobe ne…"

Bai ƙarasa ba. Na ɗago kai ne ban sani ba, hasken yamma ya faɗa a fuskata. Na ga murmushin yana barin fuskarsa a hankali. Ya kalli idona, ya kalli wuyan hannuna, ya kalli zoben da na naɗa wa zare don kada ya zame.

Ya san wannan kalar. Ya taɓa ganinta.

"Shiga mota," ya ce.

Na shiga, na faɗa masa komai. Tsokar, tiyon, allurar, naman da bai isa ba, maganin, aikin da ke jira. Na yi ta nanata masa cewa likita ta ce akwai fata, wataƙila garkuwar jiki ce kawai, ƙwayoyi ne kawai. Ina jin kaina ina tallar abin kamar turaren da ni ma ban yarda da ƙamshinsa ba. Hannuwansa suna kan sitiyari, bai motsa ba.

"Yaushe za a sake hoton?"

"Nan da mako biyu."

"Mako biyu." Ya gyaɗa kai. "Auren ma nan da mako biyu. Kafin sakamako ya fito ke nan."

Sai a lokacin na gane lissafin Gwaggo. Wallahi sai a lokacin.

"Ban san ta je ba. Na rantse maka da Allah ban sani ba."

"Hoton da kika turo min baƙi da fari, shi ma Gwaggo ce ta ɗauka?"

Na murza zoben da ke yatsana.

"Ina can ina zaɓen fenti kamar wawa, ana zura miki abu a ciki." Ya juya fuska ga taga. "Da kin faɗa min, ban san me zan yi ba. Wataƙila in gudu, wataƙila in tsaya. Amma da ni zan zaɓa. Kun zauna kun auna ni, kun ga ban isa ba, sai kuka ce a ɗaure shi tukuna."

"Ba haka ba ne…"

"Shiga gida, iska ta fara sanyi."

Bai ce Madam ba. Na fito, ya ja motar a hankali, ko waiwaye babu.

Na tarar Gwaggo ta dawo, tana zaune a tsakiyar falo tana cire takalmi. Da na faɗa mata abin da na yi, salati ta saka.

"Kin kashe kanki! Ni ina can ina zubar da girmana don in rufa miki asiri. In aikin nan ya tabbata, wa zai ɗauke ki da tsaga a ciki? In kuma ɗayan ne, ba gara ki tafi da aurenki ba?"

"Yaya!" Baba ne, daga ƙofar ɗakinsa. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. "'Yata tana raye. Kada a sake yi mata maganar tafiya a gidan nan."

Mama ta toshe baki da mayafi ta shige kicin. Gwaggo ta mai da takalminta, ta ce tunda abin ya zama haka ta cire hannunta, kowa ya ji da abin da ya jawo.

Na tura masa saƙo, *Ka yafe min.* Ya nuna ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Babu abin da ya shigo.

Yau da safe na fara shan maganin. Ƙananan farare ne, ba za ka ce za su iya raba mutum da wuƙar likita ba. Mama ta kawo min shayi da burodi ta tsaya a kaina sai da na haɗiye. Na je gaban madubi ina duba idona, kamar a cikin minti biyar zai washe. Ina nan tsaye aka buga ƙofar gida, bugu mai ƙarfi, ba irin na maƙwabta ba.

Na ji Mama tana cewa, "Maraba, maraba, sannu da zuwa, bismillah ga kujera."

Na ɗaga labule kaɗan. Yayarsa ce, ita kaɗai, cikin baƙar abaya, jaka a hammata, idanunta sun kumbura kamar wadda ba ta runtsa ba. Ba ta kalli kujerar ba, ba ta karɓi ruwan da Mama ta miƙa mata ba.

"Ba zama na zo yi ba, Mama," ta ce. "Ƙanena bai kwana a gida ba, wayarsa a kashe. Ina yarinyar take? Ita nake son gani, mu biyu kawai."